Wane shekaru ne suka fi dacewa mutum ya fara kasuwanci?

A kowace shekara dubban matasa ne ke kammala aikin yi wa ƙasa hidima, su koma gida da takardar shaida ba tare da wani aikin albashi yana jiransu ba. A daidai wannan lokaci kuma wasu ma'aikatan gwamnati ke cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, su yi ritaya su karɓi haƙƙinsu. Rukunonin biyu sukan haɗu a kan shawara guda, wato shiga kasuwanci, amma kowanne da irin fargabarsa. Matashi yana ganin bai kai ba, dattijo kuwa yana ganin lokaci ya ƙure masa.

Tambayar tana da nauyi, domin sau da yawa jarin da za a zuba shi ne duk abin da mutum ya mallaka: gado, ko kuɗin fansho, ko kwasar adashi, ko kuɗin gonar da aka sayar. Idan ya narke, samun wani yakan ɗauki shekaru.

Dalilin da ya sa ake ganin sai matashi

Labaran da suka fi yaɗuwa a duniyar kasuwanci na yara masu ƙananan shekaru ne. Bill Gates yana da shekara 19 lokacin da suka kafa Microsoft a 1975, haka ma Mark Zuckerberg lokacin da ya buɗe Facebook a 2004. A gida Nijeriya, Alhaji Aliko Dangote, wanda aka haifa a 1957, ya fara harkar kansa a 1977 da rancen da ya samu daga kawunsa. Irin waɗannan labarai sun dasa wa mutane da yawa tunanin cewa wanda ya haura shekara 30 bai kafa komai ba, to jirgi ya riga ya bar shi a tasha.

Sai dai alƙaluma ba su goyi bayan wannan tunani ba. A shekarar 2018 wasu masana tattalin arziki huɗu, Pierre Azoulay na jami'ar MIT, da Benjamin Jones na jami'ar Northwestern, da Daniel Kim, da kuma Javier Miranda na hukumar ƙidaya ta Amurka, sun fitar da sakamakon nazarin da suka yi a kan mutum miliyan 2.7 da suka kafa kamfanoni masu ɗaukar ma'aikata a Amurka tsakanin 2007 da 2014. Sun gano cewa matsakaicin shekarun mai kafa kamfani ya kusa 42. Da suka ware kamfanonin da suka fi saurin bunƙasa, wato ɗaya a cikin kowane dubu, sai matsakaicin ya tashi zuwa 45. Haka kuma yiwuwar mai shekara 50 ya kafa kamfanin da zai yi fice ta kusa ninka ta mai shekara 30.

Abin da ya fi muhimmanci a binciken shi ne dalilin wannan bambanci. Waɗanda suka yi aƙalla shekara uku suna aiki a fannin da suka buɗe kamfaninsu sun fi waɗanda suka shigo fannin a baƙunce samun babbar nasara da kimanin kashi 85 cikin 100. Ke nan abin da ke yi wa mai shekara 45 aiki shi ne sanin hanya da sanin mutane, da kuma ɗan abin da ya tara, waɗanda ba a samunsu a dare ɗaya.

Wannan bincike na Amurka ne, kuma yanayin Nijeriya ya bambanta. Ƙididdigar shekarar 2021 da hukumar SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka fitar ta nuna akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i kusan miliyan 40 a ƙasar, mafi yawansu na mutum ɗaya ne, kuma da dama an fara su ne saboda rashin aikin yi. Duk da haka, tarihin manyan 'yan kasuwar ƙasar yana nuna abu iri ɗaya da abin da masanan suka gano.

Abin da tarihin attajirai ke nunawa

Dangote ya fara da wuri, amma bai shiga kasuwa a baƙo ba. Ya tashi ne a gidan Dantata, inda saye da sayarwa ke cikin hirar yau da kullum, kuma shi da kansa ya sha ba da labarin yadda yake sayar da alawa ga 'yan ajinsu tun yana firamare. Ya kwashe kimanin shekara 20 yana fataucin siminti da sukari da shinkafa kafin ya koma gina masana'antu. Matatar man da ya gina a Legas, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, an ƙaddamar da ita ne a watan Mayun 2023, lokacin yana da shekara 66.

Alhaji Abdul Samad Rabiu ya kafa BUA a 1988 yana da shekara 28, bayan ya yi shekaru yana kula da harkokin mahaifinsa, Khalifa Isyaku Rabiu. Jim Ovia ya daɗe yana aikin banki kafin ya kafa bankin Zenith a 1990, yana gab da cika shekara 40. Shi ma Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya daɗe yana fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da yankin da ake kira Ghana a yau, kuma sai da ya kai kusan shekara 40 sannan cinikin gyaɗa ya mayar da shi hamshaƙin attajiri.

Kasuwannin ƙasar nan sun daɗe da sanin wannan tsari. A Kantin Kwari ko Singa a Kano, yaron shago yakan shafe shekaru a ƙarƙashin ubangidansa yana koyon farashi da halin masu saye da yadda ake karɓar kaya bashi, kafin a sallame shi da jari ko a buɗe masa nasa shagon. A Onitsha da Nnewi da kasuwar Alaba ta Legas, 'yan kasuwa Ibo suna da irin wannan al'ada, inda yaro kan yi shekara biyar zuwa bakwai yana hidima kafin a ba shi jari. Wanda ya fito daga irin wannan horo yana da shekara 24 ya girmi ɗan shekara 55 da bai taɓa zaman shago ba, idan da shekarun kasuwa za a auna.

Kowane mataki da ribarsa da haɗarinsa

Daga shekara 18 zuwa 29, babban jarin mutum shi ne lokaci. Yawanci ɗawainiyar iyali ba ta yi masa nauyi ba, yana da ƙarfin zirga-zirga, ya iya sarrafa waya da intanet wajen talla, kuma idan ya faɗi yana da sararin tashi. Matsalarsa ita ce ƙarancin kuɗi, da rashin kadarar jingina, da rashin wanda zai amince ya ba shi kaya. Sana'o'in da ba sa cin jari mai yawa, kamar ɗinki, gyaran waya, POS, girke-girke ko dillanci, su ne suka fi dacewa da wannan mataki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka wannan ne lokacin koyo da yin kurakurai masu arha.

Daga 30 zuwa 45, mutum ya san wani fanni, ya tara abokan hulɗa, an kuma san shi da amana ko akasinta. A nan ne ƙwarewa da ƙarfin jiki suke haɗuwa. Amma a nan ne kuma kuɗin haya da na makaranta da na asibiti ke hawa kansa, abin da kan sa a riƙa taɓa uwar kuɗi domin cefane. Mata da yawa a wannan mataki suke faɗaɗa sana'ar da suka daɗe suna yi a cikin gida, kuma shekarun da suka yi suna sayar da atamfa ko abinci ga maƙwabta horo ne cikakke.

Daga 50 zuwa sama, akwai kuɗi da natsuwa da sanayya, amma babu isasshen lokacin farfaɗowa idan aka yi asara. Haɗarin da ya fi yawa shi ne mai ritaya ya kwashi kuɗin sallamarsa ya zuba a kiwon kaji ko motar haya saboda ya ji ana samu, ya kuma damƙa wa wani ya kula masa. Akwai dalilin da ya sa ma'aikata da yawa ke isa wannan mataki ba su san kasuwa ba: Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, in ban da noma. Don haka ya fi wa irin wannan mutum ya zaɓi harkar da ke kusa da aikin da ya sani, kamar malami ya buɗe darasin yamma, ko ya fara da noman da doka ta yarda masa tun yana aiki.

Abin da doka da kasuwar kuɗi ke cewa

Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai a hukumar CAC. Wanda bai kai shekara 18 ba ba zai zama darakta ba, kuma ba zai shiga cikin masu kafa kamfani ba sai tare da wasu manya biyu da suka cancanta. Dokar ba ta sa iyakar shekaru daga sama ba ga mai son kafa kamfani. Dokar fansho ta 2014 kuma ta yarda wanda ya rasa aiki kafin ya kai 50, ya kuma yi wata huɗu bai samu wani ba, ya cire har kashi 25 cikin 100 na asusunsa. Mutane da dama da wannan kuɗi suke fara sana'a.

Tsadar bashi ma abin dubawa ce. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 cikin 100, kuma bankunan kasuwanci sukan ɗora nasu a kai. A irin wannan yanayi, wanda ya ci bashi domin koyon sana'ar da bai sani ba zai biya kuɗin makaranta mai tsadar gaske.

Kafin a zuba jari

Maimakon duba takardar haihuwa, akwai tambayoyi uku da mai niyya zai yi wa kansa. Na farko, shekara nawa ya yi a cikin wannan harka, ko a matsayin yaron shago, ko ma'aikaci, ko mai ƙaramin gwaji? Na biyu, akwai mutanen da ya sani da sunansu da za su sayi kayansa a watan farko? Na uku, idan jarin ya salwanta gaba ɗaya, iyalinsa za su ci abinci su kuma biya haya?

Wanda ya amsa ukun da gamsuwa lokacinsa ya yi, ko yana da shekara 22 ko 62. Wanda bai amsa ta farko ba kuwa, ya fi masa ya ajiye kuɗinsa ya nemi gurbi a wajen wanda ya riga shi, ko da na shekara biyu ne, domin sannu ba ta hana zuwa.