Matsinki Mai Zama: Man Tsirrai a Fentin Hana Tsatsa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wani sinadari da masana fenti suka duƙufa a kansa, tare da ba shi suna. Tsatsa dai ba ƙaramar ɓarna ba ce. A shekarar 2016 ƙungiyar NACE ta ƙiyasta asarar da lalacewar ƙarafa ke jawo wa duniya a kan dala tiriliyan 2.5 kowace shekara.

Fentin ifoksi, wanda ake shafa wa bututun mai da jiragen ruwa, kauri gare shi kamar zuma, don haka sai an tsinka shi kafin ya shafu. Abin da aka saba tsinka shi da shi yakan bi iska bayan shafi, kamar yadda fetur ke yi. Mai fenti ya shaƙa ya cutu, sannan tashin nasa yakan bar ƙananan ƙofofi waɗanda ruwa da gishiri ke bi su isa ga ƙarfe. Wannan muke kira matsinki mai tashi. Kishiyarsa shi ne matsinki mai zama, wato wanda ke ƙulluwa da sinadarin daskarar da fentin, ya zama ɓangaren jikinsa har abada. Mun zaɓi "tsinka" a kan "sirka" saboda kauri ake ragewa, kamar na kunu, alhali sirki ya fi shafar zafi.

Tsirrai biyu sun isa misali. Na farko yazawa, wadda ake nomawa sosai a jihohin Kogi da Oyo. Daga man ɓawon ƙwallonta, mai ƙona fata, ake tace kardanol, wanda doguwar jelarsa mai ƙwayoyin kabon 15 ke sa fenti ya yi laushi ya kuma kore ruwa. Na biyu Vernonia galamensis, 'yar'uwar shuwaka (ewuro a Yarbanci, onugbu a Ibo), wadda Robert Perdue ya tattaro irinta a Habasha a 1964. Abin sha'awa, man ƙwayarta da maƙullin ifoksi yake fitowa tun daga gona.

Sai dai fa akwai iyaka. Idan matsinkin ya yi yawa, fentin kan rasa tauri, ya kasa jure zafi da gogayya. A ganinmu nan ne ainihin aikin yake: gano gwargwadon da zai sa buroshi ya tafi sumul ba tare da an raunana garkuwar ƙarfen ba, musamman a iskar gishiri irin ta Legas da Fatakwal.