Cinikin Daji a Ƙasar Ingila

Tun watan Fabrairu na 2024 dokar Ingila ta wajabta wa mai manyan gine-gine ya mayar da abin da ya ɓata na itatuwa da fadama, har da ƙarin kashi 10 cikin 100. In filinsa ya kasa, sai ya sayi takardar shaida wurin manomin da ya ɗauki alkawarin rayar da daji shekara 30.

To, ga inda gizo ke saƙa. Mudun hukuma faɗin fili da irin tsiro yake aunawa, ba ya ƙirga tsuntsu. Kuma kuɗi hannu ake biya, haja kuwa sai bayan shekaru. In masu dubawa suka yi sakaci, takarda ta tsaya, daji ya tafi.