A-kori-kura da Shan Mai: A Auna Kafin a Kira Bakanike

Manomin da ya sayi takin zamani yakan san buhu nawa ya zuba a kowace kadada, kuma idan kaka ta yi yakan san buhu nawa ya ɗauka. Amma a tambayi wannan manomi lita nawa a-kori-kurarsa take sha daga gona zuwa kasuwa, sai ya ce, "Wallahi tana shan mai," iyakar amsar ke nan. A da wannan sakaci bai cika yin ciwo ba. Kafin ranar 29 ga Mayu 2023, wato ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, ana sayar da lita ƙasa da naira 200 a yawancin gidajen mai. Cikin 'yan kwanaki ta kai wajen naira 500, a ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Man dizal kuwa dama an daɗe da sakar wa kasuwa farashinsa. Ga wanda yake jigilar doya daga Zaki Biam, ko rogo da masara daga yankin Oke-Ogun zuwa Bodija, ko tumatir da albasa zuwa Mile 12, kuɗin mai ya shiga sahun kuɗin taki da na ƙwadago, don haka ya cancanci irin lissafin da ake yi musu.

Yadda ake aunawa

Ba a dogara da allurar da ke nuna mai a gaban direba, domin ba ta faɗin gaskiya dalla-dalla, musamman a tsofaffin motoci. Abin da za a yi shi ne a cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta lambar kilomita da ke jikin mita. A ci gaba da aiki kamar kullum. Idan an tashi shan mai, a koma gidan man nan da famfon nan, a sake cikawa har ya tsaya, a rubuta litar da ta shiga da sabuwar lambar mita. Sai a raba kilomitar da aka yi da litar da ta shiga. Alal misali, idan an yi kilomita 400 kuma lita 50 ta shiga, motar tana yin kilomita 8 a kowace lita. Da a ce tana yin 10, da lita 40 ta ishe ta. Wannan lita 10 da ke tsakani ita ce asarar da ake nema, kuma mai yin irin wannan tafiya sau ɗaya a mako ya yi asarar fiye da lita 500 a shekara.

Awo ɗaya ba ya isa. A maimaita sau uku, ana rubuta irin kayan da aka ɗauka da irin hanyar da aka bi, domin hanyar gona mai laka da titin kwalta ba ɗaya ba ne. Idan mita ta mutu, kamar yadda take a motocin gona da yawa, a yi amfani da taswirar wayar hannu, ko a gwada a hanyar da aka san tsawonta, kamar titin Moniya zuwa Iseyin mai kimanin kilomita 65. Wanda ya sa wa motarsa tayoyin da suka fi na asali girma kuma ya sani cewa mitarsa tana ƙirga ƙasa da abin da ya yi, saboda haka lissafinsa zai nuna shan mai fiye da yadda yake.

Kafin a zargi inji, a tabbata man yana isa gare shi. A ajiye motar a wuri busasshe, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, da safe a duba. A bi tiyon mai daga tanki zuwa gaba ana sansanawa, a duba murfin tankin. Akwai kuma yoyon da ba ya barin tabo a ƙasa, wato wanda ake zuƙewa da tiyo a zuba a jarka. Ba zargin direbobi ake yi ba, amma littafin rubutu da makulli a murfin tanki sun raba gardama a gidaje da yawa.

A fara da abin da ke ƙasa

A ganina kuskuren da ya fi cin kuɗin manoma shi ne fara bincike daga wuri mai tsada. Sai a sauke inji, alhali kuwa matsalar tana taya ko birki.

Tayar da iskarta ta ragu takan baje a ƙasa, ta yi nauyin juyawa, ta yi zafi, gefenta ya cinye. A auna iska da safe kafin a motsa, sau ɗaya a mako. Adadin da ya dace yana rubuce a wata 'yar takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba, sau da yawa ma akwai na lokacin da babu kaya da na lokacin da aka yi lodi. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Yana da kyau manomi ya mallaki ma'aunin iska nasa, domin na wasu masu faci ya gaji da aiki. Idan kuma taya tana cinyewa ta gefe ɗaya, ko mota tana ja zuwa dama ko hagu, ƙafafun sun kauce, sai a kai a daidaita su.

Birki mai kamawa ya fi haka ɓarna, kuma ya fi yawa a nan kudu inda damina take da tsawo. Laka da tsatsa sukan sa wayar birkin hannu ta ƙi sakewa sarai, sai mota ta yi ta tafiya tana jan birki ba a sani ba. Bayan an yi tafiyar kilomita biyar ko goma ba tare da yawan taka birki ba, a tsaya a kusantar da bayan hannu ga kowane wili, a hankali don kada a ƙone. Wanda ya fi sauran zafi nesa ba kusa ba, ko dai birkinsa yana kamawa ko boris ɗinsa ya lalace. A ɗaga shi da jak a juya da hannu, za a ji. Masu mota mai jan ƙafa huɗu kuma su tuna su mayar da ita ƙafa biyu da zarar sun hau kwalta.

Maganar tamostat

A nan ne nake son mai karatu ya ɗan tsaya. Akwai wani ɗan ƙarfe a bakin tiyon da ke tsakanin inji da lagireto, ana ce masa tamostat. Aikinsa shi ne ya tare ruwa har sai inji ya yi zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi, wato wajen digiri 85 zuwa 95 a ma'aunin Selsiyas, sa'an nan ya buɗe. Al'ada ce a garejoji da yawa a ƙasar nan a cire shi a jefar, a ce wai don ƙasashen sanyi aka yi shi, wani lokaci ma a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa daga tayar da mota har kashe ta. Mai mota kuwa sai ya ga allurar zafi tana ƙasa, ya yi murna.

Wannan murna tana da tsada. Inji mai sanyi ba ya ƙona mai sosai. A motocin zamani masu injekta, akwai kwamfuta da ke karanta zafin ruwa, kuma muddin ta ga inji bai yi zafi ba za ta ci gaba da ƙara masa mai, kamar dai a bar cok a buɗe a tsohuwar Fijo 504. Rarar man takan wanke baƙin man da ke jikin silinda, ta gangara ta tsinka na ƙasa, ringi ya riƙa cinyewa da wuri. Motar da ke yin zafi fiye da kima tana da dalilinta: ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko bel ya saki, ko murfin lagireto ba ya riƙe iska, ko shi tamostat ɗin ya maƙale. Idan ya maƙale, sabo ake sawa, ba a barin gurbinsa wayam. Mai mota ya tambayi bakanikensa kai tsaye, "Malam, tamostat ɗin motar nan yana ciki kuwa?"

Iska, wuta da hayaƙi

Kowace lita ɗaya ta fetur tana bukatar kimanin lita 9,000 ta iska kafin ta ƙone yadda ya kamata, kuma duk wannan iska ta matatar iska take bi. A hanyar gona da lokacin hunturu matatar takan toshe da wuri. A mota mai kabireta, toshewar takan sa inji ya riƙa zuƙar mai fiye da kima. A mai injekta kuwa kwamfuta takan rage mai daidai da iskar da ta samu, saboda haka ƙarfi ne ya fi raguwa, amma direba yakan rama da danna totur. A mai dizal, sai baƙin hayaƙi. Ba a wanke matatar takarda da ruwa ko fetur, ba a kuma huda ta. Ƙurar da ta wuce ta ramin nan ita ke cin inji.

A kwance fulogi a duba bakinsa. Idan ruwan ƙasa-ƙasa ne kuma busasshe, lafiya lau. Baƙin toka busasshe yana nuna mai ya yi yawa, baƙi mai maiƙo kuwa yana nuna baƙin mai yana hawowa. Hayaƙin salansa ma yana magana. Baƙi, rarar mai ce, a mai dizal sau da yawa nozul ne ya gaji yana zubar da mai maimakon ya fesa shi. Shuɗi, baƙin mai ne yake ƙonewa. Fari mai kauri da ba ya gushewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne yake shiga, ko kuma dizal ne bai ƙone ba.

Idan fitilar nan mai siffar inji ta kama a gaban direba, kada a rufe ta da salatif. A kai a jona na'urar bincike. Sau da yawa na'urar da ke sansanar hayaƙi a jikin salansa ce ta mutu, kuma mutuwarta kaɗai ta isa ta sa mota shan mai mai yawa. Haka nan cire abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi ba maganin shan mai ba ne. Yakan bar fitilar a kunne, sai wata matsala ta zo daga baya ba a gane ba.

Shi kansa man yana iya zama sanadi. A Fabrairu 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci da dama suka lalace. Akwai dizal ɗin da ake tacewa a ɓoye a yankin Neja Delta, akwai wanda ake surkawa da kananzir. Arahar man bakin titi takan ƙare a kuɗin nozul da famfon mai. Mai motar dizal ya riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan matatar mai.

Abin da ake ɗora mata

Yawancin a-kori-kura irin su Hilux an yi su ne don ɗaukar kimanin tan ɗaya, wato buhu 10 masu kilo 100. Idan aka ɗora 18 ko 20, sifirin ya kwanta, taya ta yi zafi, kulochi ya fara zamewa, inji yana ihu mota ba ta gaba. Amma tafiya da rabin lodi da dawowa wayam su ma asara ce. Lissafin da ya dace da manomi shi ne naira nawa na mai ya hau kan kowane buhu. Maƙwabta biyu da suka haɗa kaya a mota ɗaya, suka kuma dawo da taki ko abincin kaji, sun rage wannan kuɗi fiye da duk abin da bakanike zai iya yi.

Sai kuma a duba me ake ɗauka. Masarar da aka girbe da danshi kashi 25 cikin 100, idan ta bushe zuwa kashi 13, tan ɗaya yakan koma kilo 862. Wanda ya yi lodinta ɗanya ya biya kuɗin mai don ya kai ruwa kusan kilo 140 gari. Idan ba a sussuke ta ba, totuwa ma wajen kashi ɗaya cikin biyar ce ta nauyin. Ɗanyen rogo fiye da kashi 60 cikin 100 ruwa ne, kuma tan huɗu zuwa biyar ne ke ba da tan ɗaya na garin kwaki. Tun da rogo yakan fara lalacewa cikin kwana biyu zuwa uku bayan tono, dole a motsa shi, amma gara a kai shi wurin sarrafawa mafi kusa da gona, a yi doguwar tafiya da gari.

Lodi mai tsawo, irin na kwandunan tumatir ko ayaba da ya zarce kan mota, yana tare iska. Turjiyar iska a gudun kilomita 100 ta fi ta gudun 80 da fiye da rabi. Barin inji yana aiki ana lodi ko ciniki yakan ci wajen lita ɗaya a awa ba a taka ko'ina ba. Wasu direbobi kuma sukan sa mota a firi, ko su kashe inji a gangara, wai suna tattali. Wannan ganganci ne: inji yana mutuwa, birki da sitiyari sukan yi tauri. Mota mai injekta ma da kanta take yanke mai idan an ɗaga ƙafa daga totur alhali tana cikin giya.

A gonar gwaji, idan muna son sanin amfanin wani taki, ba mu canza iri da tazara da ranar shuka duk a lokaci ɗaya, domin ba za mu san wanda ya yi aikin ba. Haka ya kamata a yi wa mota. A gyara abu ɗaya, a cika tanki, a sake aunawa, a rubuta. Sai idan an bi taya, birki, tamostat, matatu, fulogi ko nozul, lambar ba ta motsa ba, kuma ga shuɗin hayaƙi da raguwar baƙin mai tsakanin juye da juye, sa'an nan za a nemi bakanike mai na'urar auna matsin silinda. Ya auna kowace silinda a gaban mai motar, ya faɗi lambobin a rubuta, kafin a yarda a kwance ko noti ɗaya na kan injin.