Akori-kura Ta Tsufa, Sai A Duba Mata Gaba

'Yan'uwa fatake, da yawanmu da tsohuwar akori-kura Peugeot 504 muke cin kasuwa tsakanin Maradi da Dakoro. Ita ke ɗaukar mana dussa da kanwa da raguna. To, kanwa da fitsarin dabba su ne abincin tsatsa.

Tamu ta fara ja gefe guda, sitiyari yana lilo, tayoyin gaba suna cinyewa ta ciki. Muka yi ta cewa "sai bayan Sallah", har ranar da ta kusa kifewa da mu da raguna 12.

Da bakanike ya ɗaga ta, bai fara da sayen kaya ba. Guduma ya ɗauka yana ƙwanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da kan shokozoba, sai ga shi yana zuba kamar gari. Nan aka yanke, aka yi walda da sabon ƙarfe, domin sabon kaya a kan ruɓaɓɓen ƙarfe asarar kuɗi ce.

Daga nan aka canza shokozoba, da robobi, da mahaɗan sandar sitiyari, hagu da dama gaba ɗaya. Ba a ɗaure kusoshin robobin tamau ba sai da motar ta sauka kan tayoyinta. Daga ƙarshe aka saita tayoyin gaba.

Kuɗin ya kai na ɗan maraƙi, amma ai maraƙi ba ya fansar rai. Jama'a, a riƙa wanke ƙarƙashin mota bayan kowace kasuwa. Allah Ya kiyaye hanya, amin.