Kafin Ki Karɓi Yaro Raino, Duba Katinsa

'Yar uwa mai raino, a Danchadi da sauran garuruwan Bodinga da Shagari, malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti kan bar ɗanta a gidan maƙwabciya daga safe zuwa azahar, ana biya a ƙarshen wata. Idan ke ake kawo wa, kada ki ba da amsa a zaman farko da uwar yaro. Ki saurare ta, ki yi tambayoyinki, sannan ki ce ta dawo jibi.

Da farko ki nemi katin riga-kafi, ki duba da idonki. In ba ki karanta boko, kai wa ma'aikaciyar lafiya ta duba miki. "An yi masa duka" magana ce kawai. Ga dalili: allurar ƙyanda sai yaro ya kai wata 9 ake yi, ta biyu a wata 15. Ke nan jariri ɗan wata 6 da ke hannunki bai samu wannan kariya ba tukuna. Ƙyanda kuwa tana yaɗuwa tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito, lokacin da kowa ke cewa mura ce. Ɗan shekara 2 da ba a yi wa allura ba zai iya kwasowa ya shafa wa jariran ɗakin. Haka mashaƙo, wanda ya yi ɓarna a Kano da Yobe a 2023: riga-kafinsa na cikin allurar da ake yi a mako na 6, na 10 da na 14.

Idan katin bai cika ba, kada ki kore su. Ce wa uwar ta je asibiti mafi kusa a ci gaba daga inda aka tsaya, kyauta ne, sannan ta kawo shi.

Tambayi kuma ko yaron na da amosanin jini, farfaɗiya ko asma. Iyaye kan ɓoye don kunya ko tsoron a ƙi ɗansu, don haka ki tambaya a keɓe, ba a gaban kishiya ko maƙwabta ba. Waɗannan cututtuka ba a ɗaukarsu, kuma ba dalilin ƙin yaro ba ne. Abin dubawa shi ne, in jikinsa ya yi zafi da hantsi, wa za ki kira, kuma wa zai kai shi asibiti? Uwar da ba ta ba ki lambar waya biyu ba, ba ku gama magana ba.

Sai ki ƙirga hannunki. A ganina jarirai biyu 'yan ƙasa da shekara sun ishi mace guda, balle mai girki a kanta.

Mafi wuya shi ne ƙin ɗan dangi. Faɗa wa uwar da bakinki, da wuri, ki ba ta dalili na gaskiya, kada ta ji a bakin wasu. Wanda kika karɓa kuwa, ku yi gwajin mako guda, kuma ku ƙulla tun ranar farko cewa yaro mai zazzaɓi, gudawa ko ƙuraje zai zauna gida har ma'aikacin lafiya ya duba shi.