ƊAURE CINYA A MOTSA JIKI: DABARAR DA MASU ƘIBA ZA SU SO, AMMA A BI A HANKALI

Duk wanda ya shiga masallatan Zango a Salaga, ko Yendi, ko Bawku a 'yan shekarun nan zai ga wani abin da iyayenmu ba su saba gani ba, wato kujerun roba jere a gefen sahu. Wasu masu zama a kansu tsofaffi ne, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma akwai waɗanda ba su wuce shekara hamsin ba, gwiwa ce ta hana su durƙuso, kuma in ka dube su za ka ga nauyin jiki ne ya fi ƙarfin ƙafa. Mu da kakanninmu suka taka tsakanin Kano da Gwanja wata da watanni, suna kora jakuna da kayan goro, yau daga gida zuwa kasuwa sai mun hau babur.

Ba mu kaɗai ba ne. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Ghana a 2014 ya nuna mata 40 cikin 100 nauyinsu ya wuce kima, na 2022 kuwa ya kai wajen rabi. Gaskiya ne abin ya fi yawa a kudu da manyan birane, amma mu mutanen Zango 'yan kasuwa ne masu wuni a zaune, don haka kada mu ruɗi kanmu da cewa mu 'yan arewa ne.

To, in mai ƙiba ya je asibiti, likita zai ce masa ya riƙa motsa jiki ya ƙarfafa cinyoyinsa, domin tsokar cinya ita ce ke tallafa wa gwiwa. A nan gizo ke saƙa. A al'ada ana cewa tsoka ba ta girma sai an ɗora mata nauyi, wajen kashi 70 cikin 100 na abin da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya, gwiwar da ke ciwo kuwa ba za ta yarda da wannan ba. Wannan matsala ce ta sa muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu bayanin wata dabara da ta fito daga Japan, wadda ake kira Kaatsu, Turawa kuma suke taƙaita sunanta da BFR.

Wanda ya ƙago ta sunansa Yoshiaki Sato. A 1966, yana saurayi, ya daɗe a durƙushe bisa dugadugansa a wajen wani taron addininsu, sai ya ji sha-raɓarsa ta kumbura ta yi tauri kamar ya gama ɗaga ƙarfe. Duk wanda ya taɓa daɗewa a zaman tahiya ya san irin wannan. Sato ya gane cewa matse hanyar jini ne ya jawo haka, sai ya shiga gwaji a jikinsa da ɗamara iri-iri. A 1973 ya karye a ƙafa wajen wasan sulu a kan ƙanƙara, ya yi amfani da dabarar lokacin da ƙafar ke cikin filasta don kada tsokar ta zube. Daga baya likitocin sojan Amurka a San Antoniyo suka ɗauke ta don farfaɗo da sojojin da suka ji rauni a ƙafa, yau kuma ana yinta a ɗakunan gashin ƙashi a ƙasashe da yawa.

Ga yadda abin yake. Ana ɗaura wata ɗamara mai hura iska, mai kama da ta awon jini, a can saman cinya ko saman damtse. A hura ta daidai yadda jini zai ci gaba da shiga kaɗan-kaɗan, amma komawarsa zuciya ta ragu ƙwarai. Sai mutum ya ɗaga abu mara nauyi, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iyakar ƙarfinsa: sau 30 a karon farko, sannan sau 15 har karo uku, yana hutun daƙiƙa 30 a tsakani. Da yake iskar oksijin ta yi ƙaranci, tsokar kan gaji nan da nan, dole jiki ya tayar da manyan zaruruwan tsoka waɗanda a ka'ida ba sa aiki sai an ɗauki kaya mai nauyi. Wato tsoka ta sha wahalar babban kaya, gwiwa kuwa ƙaramin kaya ta ɗauka.

Ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2000 Takarada da abokan aikinsa a Japan sun buga sakamakon gwajin da suka yi da mata manya, bayan mako 16 tsokar damtsensu ta ƙaru da wajen kashi 20 cikin 100. A 2006 wani masani mai suna Abe ya nuna cewa ko tafiya a hankali da ɗamarar a cinya, sau biyu a rana har mako uku, tana ƙara kaurin tsoka. Bincike da dama da aka tattara daga baya sun nuna girman tsoka ya yi kusan daidai da na masu ɗaga nauyi, ko da yake wajen ƙarfi masu ɗaga nauyin sun ɗan fi.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya: wannan ba maganin tumbi ba ne. Gwaje-gwajen da aka yi da masu ƙiba kaɗan ne, mutanen ciki ba su da yawa, kuma abin da ya fi fitowa fili shi ne ƙarin ƙarfi, ba zubewar kitse ba. Wanda ya ɗaure cinya da safe, ya sha kokon da aka zabga wa sukari da ƙosai goma, da rana waakye, da dare tuwon zafi malmala biyu, sikeli ba zai motsa masa ba. Amfanin dabarar shi ne ta ba ƙafa ƙarfin da mutum zai iya komawa tafiya. Rage nauyi kuwa aikin kwano ne da sawu, kuma yana da riba babba, domin an auna an ga duk kilo 1 da ya ragu yana sauke wa gwiwa wajen kilo 4 a kowane taku.

Yanzu ga inda muke son a buɗe kunne. Mun san halin samarinmu masu ɗaga ƙarfen da aka haɗa da gwangwani da siminti a bayan gida. Da sun ga abu a waya, gobe sai su yanko robar tayar keke su ɗaure hannu, jibi su koya wa iyayensu mata. Kada a yi haka. A wurin ƙwararru ana fara auna matsin da zai tsayar da jinin mutum gaba ɗaya, sannan a ba shi kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na wannan matsi. Awon ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma abin da ya fi canza shi shi ne kaurin cinya. Cinya mai kauri tana bukatar matsi mai yawa, ɗamara mai faɗi kuma ba ta bukatar matsi kamar siririya. Ashe ke nan mai ƙiba shi ne wanda ƙiyasin ido ya fi cutarwa. Siririyar roba tana iya danne jijiya hannu ya mutu, ko ta tsayar da jini ɗungurungum. Ko da kayan kirki ne, ba a wuce minti 15 a hannu ko minti 20 a ƙafa.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su kusanci abin ba sai da izinin likita, wasu ma sam. Na farko masu sikila. Cutar ta yi yawa a ƙasar nan, wajen jarirai 2 cikin 100 ake haifa da ita, kuma nau'in jinin da ake kira C ya fi yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso. Ƙarancin oksijin shi ne ke lanƙwasa ƙwayoyin jininsu, dabarar nan kuwa ƙarancin oksijin take haddasawa da gangan. Mutane da yawa a cikinmu ba su taɓa gwada jininsu ba, ba su san ko AS ba ne ko AC. Sai wanda jini ya taɓa daskare masa a jijiyar ƙafa, ita ƙiba kanta tana ƙara haɗarin wannan. Sai mai hawan jinin da bai daidaita ba, domin jini kan hau lokacin da ake cikin ɗamara fiye da yadda yake hawa in an ɗaga ƙaramin nauyi ba tare da ita ba. Haka mai ciwon zuciya, da mai ciwon sukari da ƙafarsa ta fara mutuwa, da mace mai juna biyu. In an duba da kyau, rabin masu zama a kujerun masallacin nan suna iya faɗawa cikin ɗaya daga waɗannan.

Saboda haka ga shawararmu ga mai sha'awa. Ya fara zuwa asibiti, ko na Salaga, ko na Yendi, ko na Presbyterian da ke Bawku, a auna masa jini da sukari, a duba masa sikila. Ya nemi ganin likitan gashin ƙashi, in babu a kusa ya nemi takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Tamale, ya tambaya ko suna da ɗamarar da ake aunawa. In babu, ba a yi asara ba. Tashi da zama daga kan benci sau goma-goma, da miƙe ƙafa ana zaune, suna ƙarfafa cinya ba tare da ɗauri ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu.

Wanda kuwa ya riga ya gwada ɗaurin a gida, ya ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya fara sarƙe masa, ko fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, kada ya tsaya neman man zafi. Na farko da na biyu alamar daskarewar jini ne, na uku alamar tsoka ce ta narke tana neman taɓa ƙoda, kuma duka ukun na zuwa asibiti ne a ranar.