Bangon da Ba Ya Rufa Asiri: Nazari kan Gidajen Haya a Bici

Tun da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta jawo ɗalibai da ma'aikata zuwa Bici, kuma garin ya ƙara cika bayan an ba shi masarauta a 2019, gidajen haya masu jerin ɗakuna suka yawaita a bakin hanyar Kano zuwa Katsina, a filayen da dā gero da dawa ake nomawa. Amma abin takaici, mafi yawansu an gina su ne ta yadda tarin mai wannan ɗaki, da kukan jaririnsa, har da maganar da yake yi da iyalinsa cikin dare, duk suna isa kunnen maƙwabci.

Sauti nauyi yake tsoro. Katangar tubali da magina na dā suke tayarwa, mai kauri, mai rufin azara da ƙasa, takan shanye murya, alhali bulo mai inci 6, wanda cikinsa rami ne, kuma an rage masa siminti, ba shi da wannan nauyi. Sai dai babban aibin yana can sama inda ido ba ya kaiwa, domin magini yakan tsayar da bangon tsakani daidai silin, ya bar sararin da ke ƙarƙashin kwano a haɗe tun daga ɗakin farko har na ƙarshe, saboda haka magana ta ratsa silin roba marar kauri, ta tsallake bango, ta sauka a ɗakin wani. Ƙarin sahu uku ko huɗu na bulo a kan bangon tsakani, tare da yaɓe a fuska biyu, da sun rage wannan ƙwarai.

Masu gidaje suna kafa hujja da tsada, kuma gaskiya ne buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Amma wanda ya iya sayen tayil domin ƙawata baranda, uzurinsa mai rauni ne.

Illar ta wuce rashin barci. Shari'a ta hana tajassusi, ta yi umarni da sutura, ga shi gini yana tilasta wa mumini jin abin da bai halatta ya saurara ba, daga nan gulma da husuma tsakanin matan gida suke tasowa. Ibn al-Rami, maginin Tunis na ƙarni na 14, ya tattauna batun ƙara cikin nau'o'in cutarwa tsakanin maƙwabta a mazhabar Malikiyya, saboda haka ya kamata masu duba tsarin gini su riƙa leƙa saman silin kafin a sa ɗan haya.